Makokin Mai Rai a Shagon Madam Tuyet

Houston, Fabrairu

Zuwa ga Clovis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki yana sauƙi, da fatan ’yarka Renita da mijinta da yara duk suna lafiya. Ni ma lafiya ƙalau in ban da gwiwa, ita kuwa ka san halinta.

Bayan gaisuwa, ga takarda da biro, tunda na ga ka mayar da wayarka kayan ado. Na san ba ka da muryar amsa kira, amma likita bai taɓa yatsunka ba. Saƙo nawa na tura, ina ganin alamar ka buɗe, sai shiru. Rabin rayuwata na yi ina tuƙa bas a garin nan, na saba da fasinjan da za a gaishe shi ya juya yana kallon taga, amma ban taɓa zaton zan tsufa ina rubuta wa irinsu wasiƙa ba.

Tun ranar da Renita ta ɗauke ka daga asibiti ta tafi da kai Omaha, ban taka ko ɗaya daga wuraren cin abincinmu ba. Alhamis takan zo in sa takalmi, in zauna a bakin gado, in sake cirewa. Abin da nake ci kuwa da ka gani da ka yi mini tas, burodin leda ne da miyar gwangwani, a tsaye. Kwanaki ’yar ƙanwata ta yi baƙi daga Denver, suka ce in nuna musu inda ’yan gari ke cin abinci. Na buɗe baki sai na gane ko sunan wuraren ban sani ba. Abin da na sani shi ne a wuce shagon taya, a shiga lungu, a bi ta ƙofar baya a gaida masu girki, domin haka kai mai gyaran firji ka koya mini. Na tuna yadda kake cewa kada in kalli allon gaban shago, in kalli motocin ma’aikata da ke fake a baya. A ƙarshe na tura su wani wuri mai fitilu da kujerun laushi, suka dawo suna ta godiya, ni kuwa kunya ta ishe ni.

Clovis, ba hira na zo yi ba. Mun yi magana za mu je kotu a ɗaura mana aure. Ni na ce a yi kafin tiyata, kai ka ce ba za ka sa hannu a takardar aure da rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya ba. To an yi tiyata. Na share ɗakin baya, na sa an kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, na je wurin wata nas da muke coci ɗaya ta koya mini yadda ake kula da robar da suka sa maka a ciki. Alkawarin da ka sa na ɗauka ma na riƙe, ban gaya wa kowa ciwonka ba. Ina kewarka, kewar da ba ta dace da mace mai shekaruna ba, kuma ban damu ba. Ka dawo gida.

Ka gaida mutanen gidan. Allah ya ƙara sauƙi.

Taka,
Delfina

Omaha, Fabrairu

Zuwa ga Madam Delfina Arredondo,

Ina gaishe ki da girmamawa, tare da fatan gwiwa ta lafa. Wasiƙarki ta iso, na karanta, kuma na yarda na cancanci faɗan da ke cikinta.

Zan gaya miki yadda nake, domin a asibiti kowa yana sassauta miki magana. Ciwon dajin sun ce sun cire shi, amma sun haɗa da abin da suka haɗa na harshe da maƙogwaro. Ina numfashi ta wani rami a wuya. In ina son magana sai in rubuta a ɗan allo. Abincina wani farin ruwa ne na gwangwani da ake ɗurawa ta roba kai tsaye zuwa ciki. Likitan haɗiya ta gwada ni sau da yawa, ta ce mu ci gaba da fata. Na yi aiki da injuna tsawon rai, na san fuskar mutum idan abu ba zai gyaru ba amma ba ya son faɗa.

Renita tana iyakar ƙoƙarinta. Suna cin abinci a kicin da ƙofa a rufe don kada in gani. Idan na zo wucewa sai in ji ƙarar cokula ta tsaya, har sai na shige ɗaki. Mijinta mutumin kirki ne, amma yana gasa nama kamar yana jin haushinsa, saboda haka ba na jin na yi babbar asara a nan.

Game da maganar kotu, na sake ki daga wannan alkawari. Mutumin da ya yi miki shi yana iya zama a gabanki ya cinye kwano biyu yana ba ki labari. Ni da ke a kan tebur muka haɗu, a kan tebur muka san juna. Kin riga kin yi jinyar miji ɗaya har kabari, ba zan zo in kafa miki ta biyu a ɗakin baya ba.

Ki daina cin miyar gwangwani. Alhamis mai zuwa ki je titin Bellaire wurin Madam Tuyet ki sha romon taliyarta. Ki zauna a teburin da ke kusa da ƙofar kicin. Kuma don Allah ki ɗanɗana romon kafin ki zazzaga masa baƙar miyar nan ta kwalba, matar nan kwana take tana dafa ƙashi. Na san kina yi idan na shiga banɗaki.

Ina nan kan bakana, kada kowa ya ji halin da nake ciki.

Na gode da komai. Ki huta lafiya.

Clovis Guillory

Houston, Maris

Clovis,

Ina gaishe ka, ina gaida Renita. Maganar sakina daga alkawari ban ma karanta ta ba, wanda ya ɗaure ne ke kwancewa, kuma ni na ɗaure kaina. Yanzu zauna da kyau ka ji abin da shawararka ta jawo.

Na je wurin Tuyet kamar yadda ka ce. Tana hango ni daga kicin ta yi abin da ta saba, ba ta tambaye ni komai ba, sai ga kwano biyu, naka da jijiya da kitse, nawa da zallar tsoka, ga kofinka mai madara da ƙanƙara. Ta ajiye tana leƙen ƙofa tana cewa ina Mista Clovis, ko yana neman wurin fakin ne. Na kalli kwanonka yana tururi, sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko a asibiti. Na so in yi magana, na tuna alkawarinka, na rufe baki, kukan ya ƙaru.

Ashe su ma sun daɗe suna lissafi. Watanni ba su gan ka ba, layin wayar aikinka a yanke, kuma mijinta ya ga motarka a hannun wani mutum, ya tare shi, mutumin ya ce wurin ’yarka ya saya lokacin da take kwashe kayan gidanka. Ga ni kuma na zo ni kaɗai, na rame, ina kuka a kan kwanonka. Tuyet ta rungume ni, hannunta duk warin albasa, tana cewa, “Ya isa, ’yar’uwa, ba sai kin faɗa ba. Ci abinci.” Ni kuma na zari jakata na gudu kamar ɓarauniya.

Mako na zagayowa na koma don in gyara zancen yadda zan iya. Ka san ɗan teburin nan na kusurwa inda take ajiye hotunan iyayenta da suka rasu, tana kunna musu turare tana ajiye lemo? To kana can. Ta ciro hotonka na bango, wanda kake riƙe da jatan lande kana washe baki, ta sa shi a firam ta jera ka kusa da babanta. A gabanka ga kofi mai madara. Ta ce kowace safiya take canza maka sabo, wai ba ka son wanda ƙanƙararsa ta narke.

Kuma labari ya riga ya bi ƙofofin baya, ka san masu kawo kayan miya ba su da aiki sai kai zance. Na leƙa titin Hillcroft wurin Mushtaq mai kebab, yana ganina ya fito daga bayan gawayi ya dafe ƙirji ya sunkuyar da kai. Ya ce ranar Juma’a ya dafa babbar tukunyar shinkafa ya raba wa leburorin da ke jiran aiki a bakin titi, da sunanka. Chayo mai wainar masara ta kunna maka kyandir a coci, ta kuma cika mini leda da wainar tata da suke kira pupusa, har da kabejin da kake cewa ta cika wa tsami. Duk inda na shiga sai a zaunar da ni a ciyar da ni, a tsaya a kaina sai na cinye. Shekara tara ina bin bayanka a garin nan ana ce mini matar da ke zuwa da Mista Clovis, sai da ka mutu na zama ’yar gida.

Na yi dariya a mota har na kasa tuƙi, daga nan kuma na koma kuka. Mutanen nan suna baƙin ciki na gaske a kan ƙarya, kuma ni nake cin abincin makokin. Ba zan iya ci gaba ba. Ka ba ni izini in gaya musu kana raye. In ka fi so ma, ka zo da kanka ka shigo ta kicin, mu ga wanda zai fara suma.

Ina jiran amsa da gaggawa. Allah ya ba ka lafiya.

Delfina

Omaha, Maris

Madam Delfina,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wasiƙarki, na yi abin da ya rage mini a matsayin dariya, har Renita ta shigo da gudu tana zaton shaƙewa na yi.

Daga baya na yi tunani sosai. Roƙona shi ne ki bar su a yadda suke.

Ba ƙarya suke wa kuka ba. Mutumin da ke cikin hoton nan babu shi. A wurinsu ni ne mai shigowa da akwatin aiki, in buɗe tukunya ba tare da izini ba, in ce gishiri ya yi kaɗan. Idan kika gaya musu gaskiya, sai su fara tausayina. Idan na zo, Tuyet za ta kawo kwano saboda hannunta ya saba, sannan ta tuna, ta ɗauke, kowa ya rasa inda zai sa ido. Wanda ya zauna a wurin cin abinci bai ci ba baƙo ne, ko ɗan leƙen asirin hukumar tsabta. Ban taɓa zama baƙo a Houston ba, ba kuma zan fara da tsufana ba.

Kusa da baban Tuyet wuri ne mai daraja. Ban san shi ba, amma an ce shi ya koya mata romon.

Abu ɗaya nake so, in ba zai dame ki ba. Ki rubuto mini abin da suke faɗa a kaina. Ba kowa ke samun damar ji ba.

Na gode. Ki kula da kanki.

Clovis Guillory

Houston, Afrilu

Clovis,

Ina gaishe ka domin an koya mini gaisuwa, ba don ka cancanta ba.

Wato in zama maka ’yar rahoto, in riƙa zuwa makokinka ina kwaso yabo ina aiko maka ta gidan waya. Kai ka samu firam da turare da kofi kowace safiya. Ni me na samu? Ka tsaya ka yi tunanin matsayin da ka ajiye ni? Matar mamacin da bai mutu ba, bai kuma aure ni ba. Ka ce a kan tebur kawai muka san juna. Wannan magana ta yi mini ciwo fiye da duk shirun da ka yi. Da aka yi ambaliya ka zo da takalmin roba ka goya ni zuwa motarka, wane abinci muka ci ranar? Da aka binne ƙanena ka tsaya a bayana cikin rana, akwai tebur a maƙabarta? Ni ba cikinka na so ba, tsoho mai taurin kai.

Yanzu abin ya wuce wasa. Tuyet ta ce a al’adarsu idan mamaci ya cika kwana arba’in da tara ana dafa abinci a tara mutanensa, a sallame shi. Tunda ba ta san ranar da ka mutu ba, kuma tana jin nauyin tambayata, ta fara ƙirga daga ranar da na yi kuka. Ya faɗo Alhamis ta ƙarshen wannan wata. Za ta rufe shago da rana, kowa zai kawo abin da kake ci a wurinsa. Ta ce a ƙa’ida ganye ake dafawa ba nama, amma ta san in ta ajiye maka ganye zalla za ka zo mata a mafarki da ƙorafi. Ni za a zaunar a kan gaba.

To ga abin da na yanke. Ko dai ka zo ranar ka tsaya kusa da ni, da ramin wuyanka da allonka, ko kuma in miƙe a gaban kowa in faɗi gaskiya. Alkawarin rufe ciwo na ɗauka, ban ɗauki na binne ka da rai ba. Babu wanda ya ce sai ka ci komai. Ka zo kawai.

Ka gaida Renita, ita ba ta yi mini laifi ba.

Delfina

Omaha, Afrilu

Zuwa ga Mis Delfina,

Ina gaishe ki da ladabi, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ni ce Renita. Na san ba mu saba sosai ba, kuma na san kina ganin na ƙwace miki shi. Ban rubuto don wannan ba.

Baba yana asibiti, amma hankalinki ya kwanta, ya fara warwarewa. Da wasiƙarki ta zo ya wuni a ɗaki, da yamma ya fito ya rubuta mini a allo cewa in nema masa jirgi zuwa Houston. Na yi murna, na saya. Ya sa na kai kwat ɗinsa wurin tela a rage, ya sa na samo masa gyale na rufe wuya. Tun da muka zo garin nan ban ga ya tsaya gaban madubi ba sai a makon nan.

Abin da ban sani ba, idan mun fita aiki yana shiga kicin ya ɗumama romo yana gwada haɗiya da ƙaramin cokali. Likita ta hana shi ko ruwa. Romon ya riƙa bi ta hanyar iska yana sauka a huhu, har zazzaɓi ya kayar da shi. Da ya farfaɗo na yi masa faɗa sosai, na tambaye shi dalili. Ya rubuta cewa cokali ɗaya kawai yake so ya iya sha a gaban Madam Tuyet, don kada ta ce ya raina girkinta.

Sun sake duba maƙogwaron, wannan karon sun faɗa masa kai tsaye cewa ba zai ƙara haɗiya ba. Tun daga lokacin bai taɓa allon ba sai sau ɗaya, ya ce in mayar da tikiti.

Bai san na rubuto miki ba. Na ga bai kamata ki zauna ranar kina kallon ƙofa kina zaton bai damu ba ne. Abin da za ki gaya wa mutanen kuma, ke kika san su, ni ko romon nan ban taɓa sha ba.

Allah ya saka miki da alheri a kan yadda kika riƙe shi.

’Yarki,
Renita

Houston, Mayu

Clovis nawa,

Gaisuwa, da fatan ka koma gida, da fatan ƙirji ya saki. Renita ta gaya mini komai, kada ka yi mata faɗa. Ni ma faɗan da na tanadar maka na ajiye, ba ni da ƙarfinsa.

Ka ce kana son jin abin da ake faɗa a kanka, to ga shi. An haɗa tebura an shimfiɗa jarida, mijin Tuyet ya juye jatan lande mai tafarnuwa da man shanu tun daga wannan kai har wancan. Mushtaq ya zo da kebab da gurasa a nannaɗe cikin tawul don kada su huce. Chayo ta kawo kaskonta ta soya a nan take. Akwai mutanen da ban taɓa gani ba, wata mai farfesu daga titin Bissonnet, wani tsoho mai gasa naman ƙirjin bijimi da ya rufe rumfarsa ya zo da rigar aiki. Sun ajiye maka kujera kusa da tawa, da kwanonka.

Mushtaq ya ba da labarin lokacin da guguwa ta ɗauke wuta, ka zagaya da janareto a bayan mota kana ba kowane shago awa biyu don kada nama ya lalace. Chayo ta ce ba ka taɓa fita daga shagonta ba ka kushe wani abu ba, kuma ba ka taɓa barin ko loma ba. Tuyet ta ce ranar farko da ka zo ta zuba maka barkono don mugunta, kana hawaye kana cewa a ƙaro. Ana ta dariya ana tsotsar kan jatan lande, hannuwa duk jajir. Ban taɓa ganin makoki mai daɗi irin naka ba.

Sai na miƙe. Na ce su yafe mini, Clovis bai mutu ba, yana Omaha wurin ’yarsa.

Tuyet ta zo ta ɗaka mini duka a kafaɗa, duka na gaske, tana cewa, “Ke wace irin mata ce? Kofi nawa na zubar saboda ke!” Tana faɗa tana dariya tana kuka. Ta je ta fizgo hotonka daga teburin tana ba babanta haƙuri. Kafin in ƙara magana kowa ya tashi, an fara neman robobi da leda. Wannan na cewa a daskarar da romo a aika, wancan na cewa yana da ɗan’uwa direban babbar mota da ke bi ta can. Suna ta ɗaure maka abinci, Clovis, suna gardamar wanne zai fi jure hanya.

Dole na sake ɗaga murya. Na gaya musu ciwon, da robar, da abin da likita ya ce. Tuyet ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, “Ko romo? Romo zalla, in tace shi?” Na ce ko ruwa.

Ba zan ɓoye maka ba, a nan ne aka yi kukan da ba a yi ba da farko. Mushtaq ya zauna ya rufe fuska da tawul ɗin gurasa. Babu wanda ya ƙara kai hannu kan jaridar nan. Na san abin da kake gudu ke nan, kuma ni na jawo shi.

Amma ka ji sauran. Da aka watse Tuyet ta riƙe ni ta ce babanta ma a ƙarshen rayuwarsa ba ya iya ci, kujera suka sa masa a kicin kusa da tukunya, yana zaune yana yi musu faɗa da sanda. Ta ce kujerar tana nan. Ta ce in gaya maka ka zo ka zauna ka sha ƙamshi, ka rubuta musu zagi a allonka, ba wanda zai kawo maka kwano. Ni ma ɗakin baya yana nan. In hawa jirgi ne wahala, zan tuƙo in zo in ɗauke ka, tuƙi dai ba a koya mini.

Ka ce eh, don Allah.

Taka har kullum,
Delfina

Omaha, Mayu

Fina,

Ina gaishe ki. Na koma gida, ƙirji ya yi sauƙi. Ban riƙe ki da komai ba. Ki gode wa kowa, ki ce wa Madam Tuyet na gode da kujera. Ba sai kin gaya mata ba, amma iska ba ta bi ta hancina yanzu, ƙamshin ma ba na ji.

Ba zan dawo ba, kuma kada ki tuƙo.

Ba don su ba ne. A asibiti, bayan tiyata, na farka na hango ki ta gilashin ƙofa, kin juya wa ɗakin baya kina cusa burodi a baki da sauri, kina goge leɓe kafin ki shigo. A duk shekarun nan abin da na fi so a ranar Alhamis shi ne in zauna ina kallonki kina ci, kina zuba surutu da baki cike. In na zo gidanki, a ɓoye za ki riƙa ci har ƙarshen rayuwata, kina cewa ba kya jin yunwa. Na san ki, ba za ki iya dainawa ba, ni kuma ba zan iya gani ba.

Ina son ki, ban taɓa rubuta wa kowa haka ba. Idan kin sake rubutowa zan karanta, kuma ƙarfina zai iya karyewa. Shi ya sa nake roƙonki kada ki rubuto.

Naki,
Clovis